Ido Biyu Da Takin Ƙafa: Tarihin Awon Ƙasa Da Hoto

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata 'yar gardama ce da aka yi a gidanmu a Jajaye, cikin ƙaramar hukumar Rogo, a kakar shekarar 2022. Gardamar kuwa tsakanin tsoho ce da jikansa, a kan ruwa da ƙasa, amma da na bi sawunta sai ta kai ni har Misira da Ingila da Jamus. Ku biyo ni sannu a hankali.

Muna da wata fadama ta gado, rabinta rake ne, rabi kuma ana shuka masara da kayan lambu. Duk damina ruwa yakan kwanta a tsakiyarta ya ɓata shuka, sai muka yi shawarar haƙa lambatu da zai fitar da shi. Ɗan yayana, wanda ya karanci safiyo, ya zo hutu da ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara. Ya tashe shi sama, yara suna bin sa da ihu, ya ɗauki hotuna rututu, ya zuba su a kwamfuta. Washegari ya kawo mana taswira mai launi-launi, ja a inda ke tudu, shuɗi a inda ke kwari, ya ce ruwa gabas zai bi, don haka can za a ja lambatun.

Baffana, ƙanin mahaifinmu, wanda ya haura tamanin, ya karɓi kwamfutar ya juya ta, ya miƙa masa abinsa. Ya ce, "Kai abokina, shekara sittin ina kallon ruwan fadamar nan, ban taɓa ganin ya yi gabas ba. Ko jirgin naka ne zai koya masa sabuwar hanya?" Yaron ya ce, "Kaka, ai na'ura ba ta ƙarya." Tsohon ya ce, "To wa ya gwada ta?"

Wannan tambaya ita ce ta hana ni barci. Kuɗin lebura ba kaɗan ba ne, kuma idan aka ja lambatu ta gabas, gonar maƙwabci ce a wajen, wanda muka shekara da shekaru muna zaman lafiya da shi. Da na koma karatu sai na tarar tambayar Baffa ta girme shi, domin ita ce masana suka fi shekara ɗari suna yi wa kowace sabuwar na'urar awo da hoto.

Me ya sa ido biyu?

Mai karatu, miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri, alhali bishiyar da ke can nesa ko motsi ba ta yi ba. Dalili shi ne tsakanin idanun mutum akwai tazarar santimita 6 da 'yan kai, kowane ido yana ganin duniya daga nasa gefen. Abin da ke kusa yakan yi babban tsalle, na nesa ƙarami. Daga wannan bambanci ne ƙwaƙwalwa take gane nisa da zurfi. Shi ya sa zura zare a allura da ido ɗaya yake da wuya.

Malamin nan Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin gani da ido biyu a littafinsa Kitabul Manazir. Abin da ya fi burge ni game da shi, bai tsaya ga faɗa da baki ba. Allo ya samu ya ja layuka a kansa, ya kafa 'yan alamomi, yana matsar da su yana lura da inda abu ɗaya yake zama ɗaya a ido da inda yake rabuwa biyu. Wato ya kafa hanyar da wani zai bi ya gwada maganarsa da kansa.

Can a shekarar 1838 wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya ƙera wata na'ura mai madubai biyu. Ya zana abu guda sau biyu, zane ɗaya yadda idon dama ke ganinsa, ɗaya yadda na hagu ke gani, ya sa kowane ido ya kalli nasa. Sai zanen ya tashi tsaye kamar a kai hannu a taɓa. Shekara guda bayan haka aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, sai abubuwan biyu suka haɗu. David Brewster ya yi ƙaramin samfuri mai gilasai, aka nuna shi a babban bajekolin Landan na 1851, daga nan ya zama abin nishaɗi a gidajen Turawa, kamar yadda talabijin ta zama daga baya.

Jamusawa ne suka mayar da abin wasa ya zama abin awo. A 1901 Carl Pulfrich na kamfanin Zeiss da ke birnin Jena ya ƙera na'urar da ake auna tsayi da nisa daga hotuna biyu. Mai aiki yakan leƙa ya ga wani ɗan ɗigo yana shawagi a cikin hoton, ya riƙa murza hannu har ɗigon ya sauka ya zauna daidai a kan ƙasa, sannan ya karanta lamba. Abin mamaki, shi Pulfrich ɗin daga baya ido ɗaya ya rage masa, ya ci gaba da aiki a kan abin da shi kansa ba ya iya gani, yana dogara da lissafi da kuma shaidar masu ido biyu.

Daga malaman taki zuwa jiragen sama

Mu dawo gida. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, babbar damuwarsu ita ce haraji, haraji kuwa yana bin girman gona. Tun kafin yaƙin duniya na farko aka fito da tsarin da ake kira taki a ƙasar Kano. Malamin taki yakan zo ya taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, ya ƙirga, ya rubuta, a yanka wa mai gona abin da zai biya. Kowa ya san illar wannan. Takin dogo daban, na gajere daban, takin safe daban, na wanda rana ta gasa daban. Ga kuma gonakinmu ba murabba'i ba ne, kowace da irin lanƙwasarta. Aka yi ta kuka da awon, har daga baya aka koma amfani da sarƙar awo a gundumomin da ke kewaye da birni. Tun a wancan lokacin talaka ya san cewa kuskuren mai awo daga aljihunsa ake biyan sa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin wani soja masanin awo, Birgediya Martin Hotine. Shi ne mutumin da tun farko ya tsara irin turakun simintin nan da ake kafawa a kan duwatsu a Ingila don awo. Aikin hukumar shi ne zana taswirar ƙasashe masu faɗi cikin gaggawa, hanyar kuwa ita ce hoto daga sama. Jiragen Lancaster na sojan saman Ingila, waɗanda aka ƙera don jefa bam, su aka ɗaura wa kyamarori suka riƙa shawagi a kan Afirka ta gabas da ta yamma, daga baya kuma kamfanoni suka karɓi aikin. A 1957 aka sauya wa hukumar suna zuwa ta safiyon ƙasashen ƙetare, ta ci gaba da aiki da Nijeriya har bayan samun 'yanci a 1960. Yawancin tsofaffin taswirorin Arewa masu ma'aunin 1:50,000 daga irin waɗannan hotuna aka zana su.

Ga yadda abin yake. Jirgi yana tafiya a miƙe, ya ɗauki hoto, ya ƙara gaba ya ɗauki wani, ta yadda kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ke cikin hoton farko zai sake fitowa a na biyu. Ke nan kowace bishiya, kowane rumbu, an gan shi daga wurare biyu. A ɗauki misalin hoto mai faɗin santimita 23 da aka ɗauka bisa ma'aunin 1:40,000. Hoto ɗaya ya rufe faɗin kilomita 9 da ɗoriya, tazarar da ke tsakanin hoto da hoto kuwa ta haura kilomita 3 da rabi. Wanda ya sa hotunan biyu a madubin ido biyu ya leƙa, ya zama kamar wani ƙaton da tsakanin idanunsa akwai tafiyar kusan awa guda a ƙafa. Na taɓa leƙa irin wannan madubi ina ɗalibi a Zariya. Da farko ban ga komai ba sai dishi-dishi, can sai ƙasa ta buɗe, kwazazzabai suka nutse, kukoki suka miƙe, har sai da na riƙe gefen tebur.

Sai dai ƙasarmu ba ta ba da kanta ga kyamara cikin sauƙi ba. Da damina gajimare ya rufe ta, da hunturu hazo ya rufe ta, kwanakin da sama take garau ba su da yawa. Sannan duk kyan hoto, ba ya gaya maka inda yake a doron ƙasa, ko yadda jirgin ya karkata a lokacin da aka ɗauke shi. Saboda haka dole a tura mutane da ƙafa, da 'yan dako, da na'urar awon kusurwa, su hau duwatsu su kafa turaku, su auna wasu wurare da ake iya ganewa a hoto, kamar mararrabar hanya ko kusurwar ganuwa. Da waɗannan wurare ake ɗaure hoto da ƙasa. Wasu kuma akan ware su a ajiye, ba a amfani da su wajen zana taswira, sai an gama a ɗauko su a gwada aikin da su. Duk awon Nijeriya na wancan zamani yana komawa ne ga wani turke guda da ke Minna, shi ne tushen. Har yau idan aka ɗora tsohuwar taswira mai tushen Minna a kan abin da wayar hannu take nunawa ba tare da an daidaita lissafi ba, za a ga wuri ya goce da gomomin mita, wanda ya isa ya mayar da rijiyar wani cikin gonar wani.

Ita kanta kyamarar sai an gwada ta. Babu gilashin da ba ya ɗan lanƙwasa hoto, musamman ta gefe-gefe. Don haka kowace kyamarar safiyo tana da takardar shaidar gwaji da ke faɗin iyakar lanƙwasarta, a cire shi a lissafi. A 1972 aka buɗe cibiyar koyar da wannan fanni ta ƙasashen yankin a Ile-Ife, inda 'yan Afirka suka riƙa koyon aikin da a da sai an kai Ingila.

Waɗannan hotuna sun yi amfanin da masu ɗaukarsu ba su zata ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero ta Kano, ya riƙa kwatanta hotunan shekaru daban-daban, yana kuma zuwa ƙauyuka yana zama da manoma yana duba abin da hoton ya nuna. Abin da ya gano ya saɓa wa maganar da aka saba yi cewa manomin Kano yana cinye itatuwansa, domin ya tarar a gonakin da ke kewaye da birni mutane suna kula da bishiyoyinsu duk da ƙaruwar jama'a. Tarin hotunan waccan hukuma, fiye da miliyan guda, yanzu suna ajiye a birnin Edinbara na Sikotlan.

Don a gane nauyin abin, a duba madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, mai tsayin mita 42, da ke iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Kafin a tare ruwa irin wannan, dole a san layin da zai tsaya, domin wannan layi shi ke raba wanda zai tashi da wanda zai zauna, wanda za a biya diyya da wanda ba za a biya ba. A ƙasar da gangarenta bai wuce mita 1 a cikin kowace mita 200 ba, kuskuren mita 1 a awon tsayi yana nufin ruwa ya ci ƙarin mita 200 a shimfiɗe. Gonaki nawa ke nan?

Da kwamfuta ta karɓi aikin ido

Duk wancan zamani idon mutum ne ke haɗa hotuna biyu. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko na'ura za ta iya. Wajen 1960 wani ɗan ƙasar Hangari da ke aiki a Amurka, Bela Julesz, ya sa kwamfuta ta yi masa hotuna biyu na ɗige-ɗige baƙi da fari barkatai, babu siffar komai a cikinsu, ya ɗan gusar da wani yanki a ɗayan. Da aka leƙa da ido biyu sai ga murabba'i ya taso. Wannan ya nuna ba sai ƙwaƙwalwa ta gane abu ba kafin ta auna nisansa, daidaita ɗigo da ɗigo kawai ya isa. A 1976 David Marr da Tomaso Poggio suka wallafa dabarar lissafin da kwamfuta za ta bi ta yi wannan daidaitawa. Daga nan dabaru suka yi ta fitowa, kowa yana cewa tasa ta fi, kowa kuma da hotunan da ya zaɓa don nuna gwanintarsa. Kowa ya yi tsere shi kaɗai ai shi ne na ɗaya.

A 2002 Daniel Scharstein na kwalejin Middlebury a Amurka da Richard Szeliski na kamfanin Microsoft suka kawo maganin wannan. Suka tanadi hotunan da an riga an san ainihin nisan kowane ɗigo a cikinsu ta wata hanya dabam, suka ce kowa ya kawo dabararsa a gwada a kan hotuna iri ɗaya, a ƙirga kashi nawa cikin 100 na ɗigogin ta kuskure. Suka kuma ware wuraren da aka san na'ura tana tuntuɓe: bango mai santsi da babu wata alama a jikinsa, gefen abu inda nisa ke sauyawa farat ɗaya, da wurin da ido ɗaya ke gani ɗayan ba ya gani.

Shekara goma bayan haka, a 2012, masana a birnin Karlsruhe na Jamus suka fitar da gwajin da ake kira KITTI. Suka ɗaura kyamarori a kan mota, tazarar santimita 54 a tsakaninsu, tare da na'urar leza mai auna nisa kai tsaye, suka shiga titi. Suka ba jama'a hotuna 194 tare da amsarsu don koyo, suka riƙe amsar wasu 195 a hannunsu don jarrabawa, kamar dai wuraren nan da masu safiyo ke ɓoyewa. Sakamakon ya ba da kunya, domin dabarun da suka yi fice a kan hotunan cikin ɗaki da yawansu sun kasa a kan titi, inda akwai hasken rana da inuwa da gilashin mota mai ƙyalli. Akwai kuma wata doka da babu dabarar da ta tsallake ta: idan nisa ya ninka sau biyu, kuskuren awo yakan ninka sau huɗu.

Haka abin yake a sararin samaniya. Na'urar ASTER ta Japan, wadda ke kan tauraron Terra na Amurka da aka harba a Disambar 1999, tana da ido ɗaya mai kallon ƙasa a miƙe da wani mai waiwaye baya. Daga hotunanta aka fitar da taswirar tudu da kwari ta kusan duk duniya a 2009, kyauta ga kowa. Da aka gwada ta da dubban turakun awo, an ga kuskurenta a tsayi yana iya kaiwa mita 20. Ta isa a gane inda kogi ya nufa, amma wanda ya ja lambatun gona da ita ya shiga uku. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011.

Komawa fadama

To, yaya aka ƙare da Baffa da jikansa? Na ce wa yaron mu yi abin da magabatansa a wannan sana'a suke yi. Muka aro dogon tiyon nan mai haske da magina ke cika wa ruwa su duba lebur, muka kafa turaku goma sha biyu daga gabas zuwa yamma, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna sa alama. Ruwa dai ba ya son kai, duk inda ka kai bakin tiyo biyu sai sun tsaya daidai. Kafin la'asar ta bayyana cewa yamma ta fi gabas gangare da kusan kamu biyu. Maganar tsoho ta fito.

Yaron ya koma kan kwamfutarsa ya gano inda aka samu matsala, kuma na yaba masa da bai ɓoye ba. Na farko, ɓangaren yamma shi ne mai rake, raken kuwa ya fi tsayin mutum. Kyamara ba ta ga ƙasa ba, kan ganye ta auna ta ce tudu ne. Na biyu, bai kafa ko alama ɗaya a ƙasa ba kafin ya tashi jirgin, kuma bai gwada kyamarar ba, ga shi duk hotunan a miƙe ya ɗauke su. Masana sun san irin wannan yakan sa fili shimfiɗaɗɗe ya fito a kumbure kamar an kifa ƙwarya. Bayan an sare rake ya dawo, ya zana alamomi da toka a wurare takwas, ya ɗaure taswirar da biyar, ya ajiye uku don gwaji. A wannan karon taswirarsa da tiyon magina suka yi magana ɗaya, har ta nuna mana wani ɗan tudu a tsakiya da ya kamata lambatun ya kauce masa, wanda shi Baffa ma bai lura da shi ba. Tsohon ya ce, "Yanzu ka zo da magana, abokina." Aka ja lambatu ta yamma, maƙwabcinmu na gabas bai ma san an taɓa nufar gonarsa ba.

Na rubuta wannan ne saboda irin waɗannan taswirori suna ƙara shigowa cikin rayuwarmu, a rabon gado, a takardar mallakar fili, a aikin hanya da na ruwa, a lissafin diyya. Suna da amfani ƙwarai, kuma ina fatan yaranmu su ƙware a kansu. Amma duk ranar da aka shimfiɗa maka taswira mai launi aka ce ga iyakar gonarka, ko ga inda ruwa zai tsaya, kana da haƙƙin ka tambaya cikin ladabi: wurare nawa aka auna a ƙasa, nawa aka ware don gwaji, kuma kuskuren ya kai nawa? Ma'aikacin kirki yana da amsar waɗannan a rubuce, ba zai ji haushi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.